Sunan da Inna Hajjo Ta Ƙi Faɗa a Tashar Jidda

Ranar da na shigar da Inna Hajjo jirgin ruwa a Jidda, ko na tsufa na rikice ba na jin za ta fita daga kaina. Ku da kuka zo ofishin nan na Gwarzo a bayana kuna ganin tambaya ta tara a fom ɗinmu kuna dariya, har Sadiya tana cewa mu kamfanin tafiye-tafiye ne ko 'yan ƙidaya. To ku gyara zama ku ji inda ta samo asali.

Shekara biyu ke nan, cikin watan Janairu. Lokacin ina jami'ar rakiya, wato wadda ake haɗawa da tsofaffi mata masu zuwa Umara, in riƙe musu fasfo, in yi musu tafinta, in tuna musu lokacin shan magani. Wata safiya Manaja ya kira ni ofishinsa ya ce, "Ladidi, kin taɓa hawa jirgin ruwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kwalekwale ban taɓa shiga ba."

Ya ce to in shirya. Akwai wani ɗan ƙauyen Gammo, injiniya ne a wani ƙaton jirgin shaƙatawa, irin wanda mutane suke shiga su yi kwanaki a kan teku suna ci suna sha suna kallon ruwa. Shekararsa huɗu rabonsa da gida. Jirginsu zai yi 'yan makonni yana ɗaukar fasinja daga Jidda, daga nan ya wuce wata nahiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Shi ne ya roƙi kamfaninsu suka ba shi tikitin dangin ma'aikaci, yana so mahaifiyarsa, Inna Hajjo, ta yi Umara, sannan ta shiga jirgin su yi kwana huɗu tare. Ni kuma in raka ta har ciki.

Wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba don murna. Duk wanda ya shigo ofis sai na gaya masa, har mai kawo mana ruwa.

Na je Gammo na same ta. Doguwar dattijuwa ce, 'yar asalin makiyaya, ba ta da yawan magana amma in ta yi ɗaya sai ta ishe ka. Na zauna a tabarmarta na cike fom. Inda ake son sunan mai gayyata ban ma tambaye ta ba, na kwafe daga takardar da ya aiko. Na dai lura duk hirar da muka yi ba ta ce komai game da shi ba sai "wancan na ruwa". Na ji, na wuce. Ni da na tashi a ƙasar nan, na san uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle a gidajen da suka fito daga ruga. Amma kaina yana can kan teku, ban haɗa wannan da aikina ba.

Muka yi Umara lafiya. Ranar Alhamis da hantsi mota ta kai mu tashar jiragen ruwa. Tun daga nesa nake leƙe ta taga ina neman jirgin, ban gan shi ba, sai wani farin bene mai hawa fiye da goma da ya tare gabanmu. Na tambayi direba ina jirgin. Ya nuna benen. Na yi salati a fili. Tsawonsa ya kai daga ƙofar ofishin nan zuwa bakin kasuwa, ga ƙananan jirage masu ruwan lemo an rataye a gefensa jere.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Yanzu wannan abin shi yake tuƙawa?"

Na ce, "Inna, ba shi ke tuƙi ba, amma in bai kula da injin ba ko taku ɗaya ba zai yi ba."

Ta ce, "Uhm." Ta gyara mayafi, amma na ga bakinta yana son yin murmushi tana hana shi.

Bari in gaya muku yadda ake shiga, don wata rana ku ma za a tura ku. Da kun sauka daga mota, masu ɗaukar kaya za su karɓi manyan akwatuna. Kowace akwati an ɗaura mata takarda mai lambar ɗakinku na cikin jirgi, ba za ku sake ganinta ba sai a ƙofar ɗakin. Saboda haka fasfo, tikiti da magani su zauna a jakar hannu. Daga nan a bi ta na'urar bincike kamar ta filin jirgin sama. Sai babban zaure mai kantoci a jere, inda ake duba takardu, a ɗauki hoto, a ba ka kati. Katin nan shi ne mukullin ɗakinka, shi ne shaidarka, in babu shi ba ka taka gadar shiga jirgi. Kanta tana rufewa ƙarfe uku, jirgi ya tashi ƙarfe biyar. Kuma jirgin ruwa ba motar Kano ba ce da za ka ɗaga wa direba hannu ya jira ka.

Zauren ya cika maƙil. Larabawa da 'ya'yansu, Turawa da gajerun wanduna, Indiyawa, ana ta kiɗa, wasu 'yan mata suna raba lemo a ƙananan kofuna. Na sha biyu, na karɓi na Inna na ƙara. Layi ya yi tsawo, ga shi mun tsaya mun yi azahar, ba mu isa kanta ba sai biyu da kwata. Ban damu ba, don takardunmu a jere suke, ni na jera su da hannuna.

Jami'ar da muka samu wata 'yar gajeriyar mata ce 'yar ƙasar Filifin, mai fara'a. Ta duba nawa ta buga. Ta ɗauki na Inna, ta kalli kwamfuta, sai ta kife tikitin a kan kanta ta ɗora hannu. Ta yi mini bayani da Turanci cewa an sha samun masu sayar da tikitin dangi ga bare, shi ya sa kamfani ya kafa doka: mai irin wannan tikiti shi da kansa zai ba da sunan ma'aikacin da ya gayyace shi. Ta ce in fassara tambayar kawai, in na sa baki a amsar to ta lalace.

Na juya na ce, "Inna, wai sunan wanda ya gayyace ki take tambaya."

Ta ce, "Ki ce mata babban ne."

"Inna, sunansa take so."

"Ba ga shi a takarda ba?"

"Daga bakinki take so ta ji."

Inna ta kalli jami'ar daga sama har ƙasa, ta ce, "Ita wannan ba ta da uwa ne?"

Wannan kam ban fassara ba. Na yi wa jami'ar bayani cewa a wurinmu kunya ce, uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, wata har ta mutu ba za a ji shi a bakinta ba. Tana saurare tana gyaɗa kai, amma fara'ar ta ragu. Ku sa kanku a matsayinta. An kawo tsohuwa an ce uwar ma'aikaci ce, an tambaye ta sunan ɗanta ta yi shiru, mai rakiya kuma tana ta zuba. Ni ma da ni ce da na yi zargi.

Na kira wayar Injiniya, a kashe. Ranar tashi yana can ƙasa wajen inji, waya ba ta shiga. Jami'ar ta kira shugabanta ta oba-oba, ya ce ba a sakin kowa daga ɗakin inji kafin jirgi ya tashi, kuma doka doka ce. Agogon bango ya nuna uku saura ashirin da biyar. Layin bayanmu ya watse zuwa wasu kantoci, kiɗan ma an rage shi.

Na durƙusa a gaban Inna, ban damu da masu kallo ba. Na ce, "Inna, don girman Allah. Sau ɗaya. A hankali, ba wanda zai ji. Nan ba Gammo ba ne, ba wanda ya san mu."

Ta ce, "Ni na san kaina ai. Ladidi, har da ke? Ke da kika san gida?"

"Shekara huɗu fa, Inna. In jirgin nan ya tashi ba mu san ranar da za ki gan shi ba."

Ta juya tana kallon jirgin ta gilashi. Idonta ya cika da ruwa, ba ta bari ya zubo ba. Ta ce, "To mu koma. Na ga inda yake aiki, ya ishe ni."

Na ji haushinta, ba zan ɓoye muku ba. Na fi jin haushin kaina. Da na yi tambaya ɗaya tun a Gammo, da an rubuta wa kamfanin tun da wuri an samo wata hanya. Yanzu ga tsohuwa na kawo ta har bakin ruwa, ɗanta yana cikin wancan ƙarfen, ba nisa tsakaninsu, zan mayar da ita ba su ga juna ba.

Na miƙe na tambayi jami'ar, dokar cewa ta yi a faɗa, ko cewa ta yi a bayar? Ta karanta a kwamfuta, ta ce bayarwa aka rubuta, in Inna za ta rubuta ma ya yi. Ta turo takarda da biro. Ni dai na san aikin banza ne, don Inna ba ta taɓa shiga aji ba, a fom ɗinmu ma dangwale ta yi. Na gaya mata ne kawai don kada a ce ban gaya mata ba.

Sai ta ce, "Miƙo."

Ta kama biron nan da yatsu huɗu kamar za ta tsinci tsakuwa a shinkafa. Ta sunkuya. Ta ja layi biyu a tsaye, ta haɗa su a tsakiya. Ta yi wani abu mai tsini yana kallon ƙasa. Ina gefenta ina kallo, ban gane komai ba, na ce a raina shi ke nan, zane take yi mana. Tana yi tana tsayawa tana rufe ido kamar mai tuno hanya. Ta fi minti uku a kai. Uku saura kwata ta wuce.

Jami'ar da ke ɗaya gefen kantar ce ta fara sa hannu a baki. Na zagaya na leƙa daga wajenta. Manyan baƙaƙe ne guda shida, a karkace, irin na ɗan aji ɗaya: HARUNA. A kife ta rubuta shi, daga inda take tsaye kansa yana ƙasa, daga wajen jami'ar kuma a miƙe yake sarai.

Jami'ar ta buɗe tikitin ta duba, ta buga hatimi da ƙarfi, ta ɗauki hoton Inna, ta miƙo kati da hannu biyu. Ni kuwa na manta da aiki, na rangaɗa guɗa a tsakiyar zauren nan. Wasu Turawa suka hau tafi ba su san me ake yi ba.

Muna tafiya a kan gadar shiga, iskar teku tana kaɗa mana mayafi, na ce, "Inna, a ina kika koyi boko?"

Ta ce ba ta koya ba. Shekarar da aka sa ɗan nata a makaranta aka yi wa ɗakinta daɓen siminti. Kafin ya bushe yaron ya tsuguna daga waje ya rubuta sunansa da ƙusa a bakin ƙofa, babansa har ya dake shi. Ita kuma daga cikin ɗaki take ganinsa, shi ya sa ta san shi a haka.

Ta ce, "Shekara talatin kullum sai na share wurin. Ban taɓa taka shi ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma dai ban ce komai ba, ke shaida ce."

Ƙarfe biyar jirgin ya yi wata ƙara da na ji ta har cikin haƙarƙarina, Jidda ta fara ja da baya. Bayan la'asar sakaliya muna zaune a sama wajen da ake kallon ruwa, sai ga wani dogon mutum da fararen kaya da igiyoyi a kafaɗa yana sauri. Tun daga nesa ya cire hula. Yana isowa ya zube a gabanta gwiwa biyu, yana gaisuwa. Inna ta kawar da kai tana kallon teku, ta amsa a taƙaice kamar jiya suka rabu. Sannan ta taɓa ni ta ce, "Ki tambaye shi ko ba sa ba shi abinci ne a nan. Na ga ya rame."

Yana gabanta fa, tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba. Na tambaye shi. Ya yi dariya hawaye yana zuba, ni ma na taya shi.

Da na dawo na sami Manaja na ce a ƙara tambaya a fom: wanda za ki je wurinsa, ɗan fari ne? Ita ce ta taran da kuke wa dariya. Aikin nan ya koya mini cewa jera takardu shi ne mafi sauƙi a cikinsa. Mutanenmu suna tafiya da abubuwan da ba sa cikin akwati, kuma ba za su ajiye su a bakin kanta don jirgi zai tashi ba. Aikinmu mu san su tun daga gida, mu share musu hanya.

Takardar nan kuwa na roƙi jami'ar ta ba ni, na ba Injiniya a daren farko kafin ya koma bakin aiki. Bara da ya zo hutu ya biyo ta ofishin nan, ya buɗe walat ya nuna mini. Ya sa an yi mata leda. Ya ce shekararsa talatin da bakwai a duniya, wannan ne karo na farko da mahaifiyarsa ta kira sunansa.