Wayar da Madam Rifkatu Ba Ta Buga Ba

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da aka zo aka tafi da Madam Rifkatu ba. Ku da kuke ce mini tsoho mai tsegumi in na matsa a duba abin da kwamfuta ke aikawa waje, ga inda na samo tsegumin.

Shekarun ƙarshe ne na mulkin soja. Ina ƙaramin jami'in ƙididdiga, mataki na bakwai, a wani ofishin aikin gona kusa da Ƙofar Marke. Aikinmu tattara bayanan ruwan sama da farashin gero da dawa da shinkafa daga ƙauyuka. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta ba mu kwamfuta guda, ta turo injiniya daga Legas ya haɗa ta da layin tarhon ofis ta wani ɗan akwati da ake kira modem. Ya koya mana kunnawa da kashewa da shigar da lambobi, zafin Sakkwato ya kore shi gida. Darakta ya sa hannu ya karɓa, ya sa tela ya ɗinka mata riga, ko da yake shi kansa bai san gabanta daga bayanta ba.

Mu biyu muke taɓa ta, ni da Madam Rifkatu mai buga takardu. Mutuniyar Filato ce, mijinta malamin makaranta ya rasu ya bar mata yara uku a gidan haya a Runjin Sambo. Ta daɗe a garin har Sakkwatanci ya kama bakinta. Ita kaɗai ce Kirista a cikinmu, saboda haka da an kira Azahar sai mu fita duka, daga Darakta har masinja, mu bar mata ofis ta ci abincinta. Har tsokanarta muke yi, muna ce mata mai gadin Azahar.

Ranar nan mutum uku suka zo a Fijo marar lamba, cikin kaftani, amma ko makaho ya san jami'an tsaro ne. Suka ce layinmu yana kiran wata lamba a ƙasar waje kusan kullum da tsakar rana. A lokacin gwamnati na farautar masu kai labarinta waje, mutane suna ɓacewa a kan abin da bai kai wannan ba. Tambaya ɗaya suka yi mana: wa ke ofis a wannan lokacin? Babu wanda ya yi mata ƙarya. Gaskiyar da muka faɗa ita ta ɗaure ta. Ta rantse ba ta da kowa a waje, ko Kwanni da ke bakin iyakar Nijar ba ta taɓa tsallakawa ba. Suka ce ta ɗauko jakarta.

Darakta ya cire kan tarhon ya kulle a kabad, ya ce an kashe maciji. Bai taɓa wayar da ta shiga modem ba, don bai san amfaninta ba. Ni ma ban sani ba.

Bayan 'yan kwanaki na taka ƙusa, ƙafata ta kumbura, na kasa zuwa masallaci. Na shimfiɗa darduma a ofis. Ina cikin raka'a ta biyu sai na ji ɗan akwatin nan ya ɗauki ƙara kamar ƙyaure mai tsatsa. Da na sallame na ga fitilunsa suna ƙyaftawa, ga kujera ba kowa.

Da ƙyar na samu injiniyan ta tarhon wani ɗan kasuwa. Ya ba ni amsa kamar na tambaye shi nawa ne kuɗin mota. Wai akwai wata ƙaramar manhaja da ke aiki a bayan fage, ba ta fitowa a allo. In an jima ba a taɓa maɓallan rubutu ba, sai ta kira hedikwatar ƙungiyar ta aika lambobin da muka shigar. An tsara ta haka ne don kada ta katse wa mutum aiki. Ya ce yana zaton ya gaya mana. To, a ofishinmu da safe muke kunna ta, da yamma mu kashe, kuma ba lokacin da hannu ke barin maɓallan sai Azahar. Ita Madam ko ta ji ƙarar tana cin abinci, kukan inji kawai za ta ɗauke ta.

Na ɗingisa zuwa wurin Darakta ina murna. Ya saurare ni, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wanga zance ka bar shi cikin cikinka," in ji shi. "Ni nis sa hannu ga injin ga. In ba ita ta ba, to wa na?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyanta fa?"

Ya ce Allah na nan. Wallahi ranar na ƙi jinin mutumin nan, har yau kuma ban gama yafe masa ba.

Ni da faston cocin su Madam muka yi ta zarya ofishin tsaro, har wani jami'i ya gaji da ganin fuskarmu ya yarda ya zo ya gani. Na kunna kwamfuta, na ce kowa ya janye hannu. Sai dai mutumin ba shi da haƙuri. Da an ɗan jima sai ya danna maɓalli ya ce, ina kiran? Duk dannawa kuwa mayar da lissafin na'urar baya take yi. Na roƙe shi don Allah ya zauna a kan hannuwansa. Ya harare ni, amma ya bari. Muka zauna jira, ni kuwa na san in ta ƙi kira ni zan bi Madam. Can sai ƙarar ta tashi.

Na ɗauka shi ke nan. Jami'in ya ce ya gani, amma maganar ta riga ta wuce sama, wanda ya kama ba shi ke saki ba. Ya sa aka kwashe kwamfutar da modem aka zuba a but ɗin mota, wai su ma shaida ne.

Madam ba ta fito ba sai da gwamnati ta canza. Kafin nan mai gidan haya ya fitar da kayanta, dangi sun raba yaran. Ta zo ofis ta rame, tana jan ƙafa, ta tarar da wata a kujerarta. Na ja ta gefe na ba ta labarin duka, ina zaton zai sanyaya mata rai.

"Malam Sani, ai na sa musu hannu ni nib buga," in ji ta. "Sun tambaye ni har nik koma ina cewa ko na buga nim mance."

A kan wannan sa hannun aka kore ta, ba kuɗin sallama ba fansho. Na rubuta koke, fasto ya rubuta, amsa ɗaya ake ba mu: ai da bakinta ta amsa.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, na'ura tana magana ko kai ka yi shiru, kuma in hukuma ta ji maganar ba na'ura take nema ba, mutum take nema, wanda ba shi da kowa a bayansa. Don haka duk abin da kuka ga yana kiran waje daga injin da ke hannunku, ku bi shi har ku san mene ne, wa ya sa shi, ina yake zuwa, tun kafin wani ya zo ya tambaya.

Madam Rifkatu ta koma garinsu, can ta rasu. A wurin gwamnati har gobe ita ce ta buga wayar.