Nonon da Inna Ta Tafasa

Shekara ashirin da shida mahaifiyata ta yi tana goge-goge a asibiti, har ma'aikata suka laƙaba mata Inna Sabulu. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Cokalin da ka wanke za ta sake wankewa, tana harararka. Tsakaninta da ƙwayoyin cuta babu sulhu.

Kwana biyu da haihuwar ɗana aka yi masa aiki a wannan asibitin, hanjinsa ne ya toshe. Bayan mako guda likita ta ce a fara ba shi nonona kaɗan-kaɗan ta siririn tiyo. Ni ina kwance da nawa ɗinkin, don haka in na tatsa a kofi, Inna ke kaiwa ɗakin jarirai.

Cikinsa ya ƙi karɓa. Ya kumbura har yana sheƙi, kashi kuma shiru. Likita ta ce in aka ƙara kwana uku a haka, sai an sake buɗe shi. Yaron da bai kai tsawon hannuna ba!

Wata nas ce ta ji kofin na ƙona mata yatsu. Ashe Inna ratsewa take ɗakin ajiye tsintsiya, ta tafasa nonon tukuna.

Likita ta zaunar da ita a gabana. "Mama, magungunan da muka ba shi sun share ƙwayoyin cutar hanjinsa, har da masu amfani. Akwai irinsu a nonon uwarsa. Tafasawa kashe su take."

"Cuta mai amfani? 'Yar nan, cuta fa kika ce."

"Sunan ne ya cuce su, Mama."

Na so in zazzaga wa Inna masifa, sai ta riga ni magana.

"Ni na ja za a sake yanka shi?"

"Ban ce ba. Amma a daina."

Daga ranar take kai kofin yadda na miƙa mata, riƙe da hannu biyu.

Safiya ta uku, an riga an kawo takardar da zan sa hannu a yi aikin, sai ga Inna a guje, ɗankwali a kafaɗa, ta ɗaga nafkin ɗin jikanta sama.

"Ya yi! Wallahi ya yi kashi!"

Ko nonon ne, ko lokacinsa ne ya yi, ban sani ba. Nas ta miƙo kwandon shara, Inna ta ƙanƙame nafkin ɗin a ƙirji tana kuka, ta ce babu mai taɓawa sai likita ta zo ta gani.