Takalmin Kurmi a Ruwan Istanbul

Talatar nan ta watan Nuwamba, shekara uku ke nan, har yau ba ta fita daga raina ba. Abin da ya kai ni Istanbul a ƙidaye yake: takalmi ƙafa ɗari shida duk wata uku, har shekara biyu. Aiki ne da zai riƙe dukawa tara da suke yi mini ɗinki, kowa da iyalinsa. Mai shagon da zai ba da aikin ya sa mini ƙarfe sha ɗaya na safe, ya ce da azahar zai bar gari.

Ga wanda bai san harkarmu ba, ni ba na ɗinki. Da tallan fata na fara a Kasuwar Kurmi har Allah ya ba ni rumfa. Nakan sayi kirgi, wato fatar da aka jeme, in kai wa dukawa a Gwale. Wani ya yanka, wani ya ɗinka sama, wani ya sa tafi. Babbansu Malam Bukar, shi ke duba kowace ƙafa kafin ta zo hannuna. Mai saye na waje in ya ga hoto ya yaba sai ya nemi samfur, in samfur ya yi masa sannan a yi maganar adadi.

Da muke haɗa samfur, Malam Bukar ya ba da shawara a ɗinke tafin da zare, a shimfiɗa masa roba siririya a ƙasa, kada a tsaya a gam kaɗai. Na ce a'a, mutanen nan fata zalla suke so, ga shi zai ƙara mana kwana biyar. Bai ja da ni ba. Na ma sa ya yi mini ƙafa ɗaya daidai ni, sau-ciki ja, don a ganina mai kaya shi ne tallan kayansa.

Wadda ta yi mini jagora a can taubashiyata ce, Hajiya Ladi, 'yar kawuna, wadda ta shekara goma tana zuwa sarin abaya. Da safe na sauko daga masauki cikin babbar riga ta shadda ta sha sitaci, ga sabon takalmina. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan gwaggo, ɗaurin auren wa za mu?"

Ita kambas ne a ƙafarta ƙarƙashin abaya, da rigar ruwa a kafaɗa. Na ce mata ni ban keto hazo don in yi shigar 'yan ƙwallo ba. Ta ce ga shago nan kusa, in sayi kambas in sa, in riƙe nawa a jaka, in mun isa ƙofar mutumin in canja. Haka duk 'yan kasuwarmu suke yi. Na ƙi. Ta ce to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Shagon yana tsallaken ruwa ne, kuma mota ba ta da amfani saboda cunkoso, sai jirgin ruwa. Jirgin nan ba ya jiran kowa. Daga inda muka sauka zuwa bakin ruwa gangare ne mai daɓen duwatsu, muna farawa ruwan sama ya sauko. Hajiya ta duba agogo ta ce saura minti huɗu, sai mun yi gudu.

Ni na haura hamsin. A garinmu in aka ga magidanci irina yana gudu, rufe rumfuna za a fara kafin a tambayi me ya faru. A can kuwa tsofaffi da mata duk gudu suke, ba mai kallon wani. Na tattare riga na bi su. Shadda ta jiƙe ta yi nauyi, hannun riga yana zamowa, ga jakar samfur a hannu. Tafin fata a kan jiƙaƙƙen dutse kamar sabulu yake. Ban yi taku talatin ba na zame na dira a gwiwa. Da na miƙe sai na ga takalmina na hagu ya buɗe baki, tafin ya rabu da sama har rabi. Haka na ja ƙafa na isa, na tarar da Hajiya a tsaye ita kaɗai, jirgi ya yi nisa.

Muka hau jirgi na gaba, mun isa shagon sha biyu saura kwata. Mutumin dattijo ne mai kirki, bai yi maganar latti ba, har shayi ya sa aka kawo. Hajiya tana yi mana tafinta. Ya juya samfur, ya shinshina fatar, ya yaba ɗinkin. Na fara jin sanyi a raina. Sai idonsa ya sauka ƙasa. Tun daga ƙofa har kujerata sawu ne ja-ja a kan farin daɓensa, rinin ya zuba. Ya roƙa in ciro masa takalmin.

Hajiya ta ce, "Tambaya yake ko wannan ma aikinku ne." Ta rage murya. "Ka ce a hanya ka saya."

Tambarina yana ciki, iri ɗaya da na samfur. Ko da ba ya ciki ma, ban saba yin ƙarya ba. Na ce ta gaya masa namu ne.

Ya sa yatsa a bakin tafin ya ɗaga, ya ajiye. Ya ce garinsu ruwa ake yi wata da watanni, kuma masu sayen kayansa a ƙafa suke yini, kowa yana gudun jirgi kamar yadda na yi. Na ce a ba ni mako uku in kawo wanda aka ɗinke da zare da roba. Ya ce zai neme ni. Na daɗe a kasuwa, na san irin wannan "zan neme ka".

Da na dawo na kai wa Malam Bukar takalmin. Ya juya shi, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi, don ni na ce musu kada su karɓi aikin kowa a watan nan. Mun yi sabon samfur mai kyau, na aika sau biyu, shiru.

Ku da kuke shirin fita, ku sa abin da za ku iya gudu da shi, ado ya zauna a jaka sai kun isa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, shekara ashirin ina sayar da takalmi, ban taɓa tafiya a cikinsa fiye da daga rumfa zuwa masallaci ba. Yawancinmu a Kurmi haka muke, kyan ido muke sayarwa.

A cikin taran nan, huɗu suna jan a-daidaita-sahu yanzu, biyu sun koma gona, ɗaya yana gadi. Malam Bukar da ƙanensa ne suka rage, suna facin jakunkunan 'yan makaranta. Ni kuma rabin rumfata takalmin roba ne na waje.