Tsohuwar Da Ba Ta Kallon Gwaggon Biri

A gidan namun daji, malamar makaranta tana ƙwanƙwasa gilashin keji da makulli, don gwaggon biri ya juyo ɗalibanta su gan shi. Ya ba su baya. Sai idonta ya faɗa kan wata tsohuwa a ƙarshen benci.

Tana zaune a kaikaice, kanta a sunkuye, mayafinta ya koɗe amma ya sha guga. Tabon ƙuna ya cinye mata rabin fuska. Gwaggon birin ya jawo jiki ya zauna dab da ita, gilashi kawai a tsakaninsu.

"'Yata, daina bugawa," in ji tsohuwar a hankali. "Ku bar zuba masa ido, a wurinsa neman faɗa ne. In ya fusata ya daki gilashin nan, yaranki ne za su firgita."

Wataƙila a nan ta yi aiki. Wataƙila kuma shekarun da ta yi ana bin ta da kallo ne suka koya mata. Nan malamar ta farga, ita ma tun ɗazu tabon take kallo. Ta cusa makullin a jaka, ta rasa inda za ta ajiye idonta.