Jakin Kawu Bube

Duk wanda ya san Kawu Bube mai gero na Ƙofar Marke ya san littafin nan nasa, wani tsohon labari na falken da jakinsa ya ɓace, yake bin gari-gari yana nemansa. Tun muna yara yake karanta shi. Layi biyu zai karanta, ya kife littafin a ƙirji, ya rufe ido. Wai tafakkuri!

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai labarin yara ne."

"Kai, rufa mini baki! Wanga ba jaki ba na. Natsuwar zuciya falke ka biɗa, ku ba ku ganewa."

Ran nan yana cikin tafakkuri a rumfa, awaki suka yi wa buhun gero kaca-kaca. Matarsa Inna Hajo ta iso da abinci, ta rafka salati.

"Na gan su," in ji shi. "Ban so katse tunani ba."

"Da minshari?"

"Ke Hajo, zikiri ad da zurfi."

Abin da ya fi ba mu haushi, bai taɓa yarda ya kai ƙarshen littafin ba. Da falke ya doshi garin ƙarshe sai Kawu ya koma farko. In mun matsa ya gaya mana ko an ga jakin, sai ya ce, "Mai gaggawa ba shi samun buɗi." Mu kuwa muka ɗauka wani babban sirri ne na masu tarbiyyar ruhi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ido ya tafi, sai ya ce in karanta masa. Na yi ta karatu har na iso garin ƙarshe, na juya. Babu shafi! Na yi tsuru-tsuru, ina tsoron in gaya masa.

Da ya ji karatu ya tsaya, ya yi dariya har da tari. "Hajo ta hura wuta da shi tun tana amarya. Ba ta sani ba, ni kau ban so ta ji kunya."

Inna Hajo, da ke zaune a gefe, ta toshe baki da gyale.

Na ce, "To Kawu, an ga jakin?"

"Bari dai, ɗana. Ni za ni gano."

Bai kai Juma'a ba. Wallahi har yau in na ga jaki a hanyar Wamakko sai idona ya cika. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya iske natsuwar da ya daɗe yana nema, ya ba Inna Hajo haƙuri.