Hannun Baba Pyo a kan bututu

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kowace safiya Pyo Man-seok yakan sauka ƙarƙashin wani asibiti a birnin Daegu na Koriya ta Kudu, ya ajiye gorar shayin sha'irinsa, ya ɗora tafin hannu a kan wani siririn bututu a gefen injin da ke sanyaya ginin. Sai ya taɓa shi yake gaisawa da mutane. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma tun da na ji labari hankalina bai kwanta ba.

Ni malami ne a makarantar koyon sana'a, don haka bari in yi bayani a hankali. Man da ke shafe injin yakan sulale ya bi gas, ya kwanta a gindin tukunyar sanyi, wato ɓangaren injin da ke samar da sanyin. Bututun nan yana da ƙuntataccen maƙogwaro. Gas mai ƙarfi na ratsa shi a guje, gudun ne ke zuƙo man ya mai da shi tankinsa. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, shi ya sa ake mantawa da shi.

A hunturun bara, ranar da za a yi wa mai ɗakina Ok-ja aikin zuciya, mai ya ja baya a tanki. Inji na biyu na kwance ana gyara, ɗakin tiyata kuwa ko da hunturu sai da sanyi. Aka ce idan injin ya tsaya za a ɗage aikin, alhali likita ya gaya mana ba ta da kwanakin jira.

Manaja Yeom, mai kula da injinan asibitin, da kansa ya ba ni labarin. Ya ce ya sauko da jarkar mai ya umarci Baba Pyo ya ƙara, shi kuwa ya taɓa bututun ya ji shi ɗumi, babu sanyin da ya saba ji.

"Yallaɓai, man bai ɓata ba, hanyar gida ce ta toshe. In ka ƙara, gobe ya dawo gaba ɗaya ya shaƙe injin."

"Tsoho, hannunka ya fi kwamfuta ne?"

"Ya dai girme ta."

Baba Pyo ya rufe bawul ɗin da ke sakin gas, ya canza rariyar bututun da ta cushe. Minti arba'in suna kallon gilashin tanki, har man ya fara hawa.

Baba Pyo, kai ne ka ƙi bin hanya mai sauƙi ana tsaye a kanka. Ok-ja na gaishe ka, yanzu har tsauni take hawa. Mun gode.

Ɗalibaina, saura kwana goma sha biyu ya tafi. Ku sauka wurinsa, ku ɗora hannu inda yake ɗorawa, kafin wani ya miƙo muku jarka.