Ƙwayar Man Kifin Yaya Dije

Wannan watan ne Yaya Dije ta cika shekara bakwai da komawa ga Mahaliccinta. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma har na yi furfura ba ta daina kirana "yaron nan" ba. A asibiti take aiki, wajen na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai. Mu a gidanmu na Ƙofar Doka ba mu san komai a kan aikin ba, abin da muka sani shi ne taurin kanta. Mace ce da in ta kulle ƙofa sai ta dawo ta girgiza kwaɗon.

Shekara huɗu kafin rasuwarta ciwon kai ya sa ni gaba, har auna yadi a shago ya gagare ni. Likita ya ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka kai ni ɗakinta. Kafin in shiga na'urar ta zaro wata 'yar ƙwayar man kifi, irin wadda ake haɗiya kamar magani, daga aljihu, ta manna mini da filasta a gefen goshi na dama. Na ce, "Yaya, wannan kuma wane surkulle ne?" Ta ce, "Kwanta, kai dai. Kowa ina yi masa." Abokan aikinta ma tsokanarta suke yi, wai na'ura ta san dama da hagu, ba ta buƙatar tuni.

Hoto ya nuna ƙari. Likitan da zai yi aikin cire shi yana wani gari mai nisa, kuma kwamfutarsa ba ta buɗe irin fayil ɗin da ke kan faifan da aka sa hotona a ciki. Sai wani ma'aikaci a can ya juya shi zuwa irin wanda take karantawa. Aka aiko da bayani da hotuna, an ce ƙari yana ɓangaren dama, an kuma ba ni rana. Na haɗa kaya, na yi sallama da maƙwabta.

Ana gobe tafiya Yaya ta zo da hantsi, ta ce in ba ta takardun. Ta ɗaga hoton wajen hasken tsakar gida, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba inda za ni. Ƙwayar nan tana fitowa a hoto kamar farin ɗigo a wajen ƙoƙon kai. A dama ta manna ta, amma ga ɗigon nan a gefen da aka rubuta hagu. Ashe wajen juya fayil ɗin hoton ya birkice gaba ɗaya. Ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu sun yi kama da juna kamar goron da aka ɓare, in bayanin da ke cikin fayil ya kuskure, ido ba zai gane ba. Ƙarin nawa a hagu yake.

Ina jin kunyar faɗa, amma fushi na yi. Na gaji da ciwo, ga rana an ba ni da ƙyar. Na ce mata ita ba likita ba ce, ta bar manya su yi aikinsu. Ta zauna a kan turmi ta yi ta kiran waya har likitan ya ɗauka, ta ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe faifan asali a duba kafin a taɓa kan ƙanena." Mutumin kirki ne, ya nemi wata kwamfutar ya duba, ya kira da kansa ya ce gaskiyarta. An ɗaga aikin mako uku, aka yi shi a hagu. Wataƙila da sun gano da kansu kafin wuƙa ta taɓa ni. Wataƙila. Ni dai ban so a gwada a kaina ba.

Yanzu hoton kai ta waya ake tura shi, daga wannan hannu zuwa wancan, har an ce kwamfuta na karantawa da kanta. Na san Yaya za ta yi murna, don ba ta ƙin sabon abu. Amma na rantse sai ta tambaya hannu nawa hoton ya bi, kuma wa ya tabbatar dama tana nan a dama. Wanda duk za a yi wa aiki a ka, ya yi wannan tambayar, ba rashin kunya ba ne.

Bayan na warke na je ba ta haƙuri. Ban kai ƙarshen magana ba ta turo mini kwanon tuwo, ta ce in ci kafin ya huce. Haka na bar zancen, ina cewa akwai lokaci, har ta tafi ban yi mata godiyar da ta kamata ba. Wannan yana damuna har yau.

Da aka zo rabon gadonta, ba a daɗe ba aka tashi, don ba ta tara komai ba. Ina zaune a wurin ina tunanin ba a lissafa duka ba. 'Ya'yana biyar ba su tashi marayu ba, na aurar da uku da hannuna. Abin da ta bari ni ne. Na gode, Yaya. Allah ya haskaka kabarinki.